Gwanjon Intanet: Takardun Da Ke Tsakanin Ɗan Kasuwa Da Mai Saye Na Ƙetare

A cinikin da aka gada, magana takan ƙare ne a daidai lokacin da mai kaya ya ce ya sallama. Mai saye ya ƙirga kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya kama gabansa. A gwanjon da ake yi ta intanet kuwa, sa'ad da wa'adin tayi ya cika aka bar wa wanda ya fi kowa taya kaya, a sa'an nan ne aikin mai sayarwa yake farawa. Mai sayen yana iya kasancewa a Landan ko Berlin ko Houston, kuma tsakaninsa da kayan akwai hukumomin kwastan guda biyu, da banki, da kamfanin jigila, kowannensu da irin takardar da yake nema.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwar Arewa mazauna Fatakwal da Anaca da Enugu ƙwarai, domin suna zaune ne a bakin ƙofofin fita. Ita Fatakwal ma don fitar da kaya aka gina ta. Bayan an gano kwal a yankin Udi a shekarar 1909, Turawan mulki suka kafa tashar jiragen ruwa a Fatakwal, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa ta da Enugu a 1916. Da dogon ya miƙe zuwa Arewa, sai fataken shanu da sauran 'yan kasuwa suka biyo shi, aka sami unguwannin da Inyamurai ke kira Ama Awusa, wato Unguwar Hausawa. A Enugu akwai su a Asata da Garki ta Awkunanaw, a Anaca kuma a kewayen Titin Bida, a Fatakwal a tsohon gari da Diobu. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950.

Ban da shanu da albasa da wake da canjin kuɗi, waɗannan unguwanni sun daɗe da masu sayar da aikin hannu: jakunkuna da takalman dukawan Kano da Sakkwato, huluna, fayafayi, ƙorai masu zane, kayan tagulla na Bida, da duwatsun wuya. A da, baƙi ma'aikatan kamfanonin mai su ne manyan masu sayen irin waɗannan a ƙofofin otal-otal. Yanzu mai saye ba ya bukatar zuwa, hoton kayan kawai yake gani. Kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, shi ne ya yaɗa wannan irin gwanjo a duniya. Ya kamata a lura cewa gwanjo a nan ba ya nufin tsofaffin tufafi kamar yadda kalmar ta koma a bakin jama'a. Ana nufin ma'anarta ta asali, wato a yi ta ƙara tayi har a bar wa mai tsada.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa kaya a gwanjo kafin a tabbatar doka ta yarda su fita. Hukumar Kwastan ta Nijeriya tana da jerin kayan da aka haramta fitarwa, kuma gajere ne. Akwai masara, da katako, da tsofaffin ƙarafa, da ɗanyen roba, da ɗanyar fata da ƙirgi har da wanda aka fara jemewa ba a kammala ba, da kayan tarihi, da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tare da duk abin da aka yi da jikinsu, da kuma duk kayan da aka shigo da su daga waje. Na ƙarshen nan ya kamata 'yan kasuwar Anaca su yi masa karatun natsuwa, domin kaso mai yawa na abin da ke cikin Babbar Kasuwar garin daga ƙetare ya zo. Haka nan wanda ya sayi kayan waje a gwanjon da ita kanta Kwastan take yi ta intanet, wanda ta soma a 2017 ta kuma sake buɗewa a watan Janairun 2024, ba shi da damar ya juya ya aika wa wani a ƙetare.

Maganar fata tana bukatar bayani. Jakar da aka ɗinka da jemammiyar fatar akuya ko ta tunkiya halattaccen kaya ce, kuma irinta gwamnati ke so a fitar, tun da an sarrafa ta a gida. Amma idan baduku ya ƙawata ta da fatar mesa ko ta kada ko ta damo, to ta shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington a 1973, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ta kuma ƙarfafa da Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985. Ƙaramar walat mai ɗan yankin fatar mesa ta isa a kama ƙunshi gaba ɗaya a filin jirgin sama na ƙasar mai saye. Hauren giwa kuwa ba a ma maganarsa, ko da ɗan ƙwaya ɗaya ne a cikin sarƙar wuya.

Kayan tarihi su ma suna da tarkonsu, kuma masu gwanjo sun fi faɗawa cikinsa, saboda kalmar "tsohon kaya" tana ɗaga farashi. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki duk wani aikin hannu da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda aka taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. Irin wannan ba ya fita sai da izinin hukumar. To, mai sassaƙa ya yi sabon mutum-mutumi, ya turara shi da hayaƙi ya yi baƙi, mai sayarwa ya rubuta a shafin gwanjo cewa ya shekara ɗari. Idan gaskiya ya faɗa, ya karya dokar Nijeriya. Idan ƙarya ya yi, ya yaudari mai saye, kuma mai sayen yana da hanyar karɓar kuɗinsa. Abin da ya dace shi ne a kai sassaƙe da kayan tagulla ofishin hukumar, akwai gidajen tarihinta a Enugu da Fatakwal, a karɓi takardar da ke shaida cewa sabon aiki ne. Tarayyar Turai ma ta tsananta a nata ɓangaren, domin daga 28 ga Yunin 2025 dokarta kan shigo da kayan al'adu ta fara aiki gaba ɗaya.

Bayan an tabbatar kaya suna iya fita, sai a duba ko za su iya shiga. Kilishi abin marmari ne ga 'yan Nijeriya mazauna Turai da Amurka, amma waɗannan ƙasashe ba sa barin nama ya shiga musu a cikin ƙunshin gidan waya, kuma abin da aka kama lalata shi ake yi. Tarayyar Turai ta dakatar da busasshen waken Nijeriya a watan Yunin 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, Amurka kuma ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Nijeriya a 2018. Citta da zoɓo da riɗi da goro suna bukatar takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, abincin da aka sarrafa aka ƙulla a leda ko kwalba kuma takardar NAFDAC. Turaren fesawa mai sinadarin da ke kamawa da wuta, jiragen sama ba sa ɗaukarsa a cikin wasiƙu.

A ɓangaren Nijeriya, takardun fitar da kaya na ciniki suna bin juna ne kamar zaren carbi, ɗaya ba ta samuwa sai da wadda ta gabace ta. Da fari akwai rajistar kamfani a hukumar CAC da lambar biyan haraji. Da su ake neman takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, wadda aka kafa a 1976 don bunƙasa fitar da kayan da ba man fetur ba. Ƙananan 'yan kasuwa da ba su da ƙarfin buɗe kamfani suna iya haɗuwa a ƙungiyar gama-kai mai rajista, su nemi takardar da sunanta. Wannan hanya ta dace da unguwannin da ake magana a kansu, inda dama kowace sana'a take da shugabanta a ƙarƙashin Sarkin Hausawa.

Daga nan sai uwar takardu, wato fam ɗin NXP. Ɗan kasuwa yana cika shi ne ta hannun bankinsa, ya bayyana irin kayan, da yawansu, da darajarsu, da sunan mai saye da ƙasarsa. Tun ƙarshen Oktoban 2019 Babban Bankin Nijeriya ya mayar da cika shi ta kwamfuta. Kayan da ba a jiran kuɗinsu, kamar kyauta ko samfuri ko kayan mai ƙaura, nasu fam ɗin daban ne, NCX ake kiransa. Abin da ya raba su biyun shi ne ko akwai kuɗin da za a biya. Ƙanƙantar ƙunshi ba ta mayar da ciniki kyauta. Bayan NXP akwai harajin duba kaya na NESS, wanda yake rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan da ba na mai ba, watau dala 10 a kan kayan dala 2,000. Dokar duba kaya kafin lodi ta 1996 ce ta tanadi wakilan da ke duba inganci da yawa da farashi, su ba da takardar shaidar cewa ba su ga aibu ba. Kwastan tana yin nata binciken a ƙarƙashin sabuwar dokarta ta 2023. Idan mai saye ya nemi shaidar asalin kaya, ƙungiyar cibiyoyin ciniki ta NACCIMA ce take bayarwa.

Inda aka fi samun matsala shi ne dawowar kuɗi. NXP alkawari ne ɗan kasuwa ya ɗauka cewa kuɗin kayan za su shigo Nijeriya ta bankin da ya buɗe fam ɗin, cikin kwana 180 daga ranar lodi, su sauka a asusun kuɗin ƙasashen waje na fitar da kaya. Asalin wannan asusu yana cikin sauye-sauyen 1986, shekarar da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona aka kuma yi Dokar Soja mai lamba 18, wadda ta ba masu fitar da kaya damar riƙe kuɗinsu na waje. A watan Janairun 2025 Babban Banki ya sanar cewa ya daina amincewa da ƙarin wa'adi. To amma hanyar da aka saba da ita a kasuwa daban ce. Kuɗi su faɗa hannun wani ɗan'uwa a Ingila, ɗan canji a Fatakwal ya biya naira a ranar, a kashe magana ta waya. Hanyar tana da sauri, amana kuma tana riƙe da ita. Sai dai banki bai san da ita ba. A littafinsa kaya sun fita, kuɗi ba su dawo ba, kuma mai sunan da ke kan fam ɗin shi ne zai amsa tambaya, har ta kai a hana shi buɗe wani. Saboda haka tun kafin a fara gwanjo ya kamata ɗan kasuwa ya zauna da jami'in bankinsa, a daidaita yadda kuɗin da shafin gwanjo ya biya za su iso asusun da ya dace. Karɓar kuɗi daga waje daɗaɗɗiyar wahala ce ga mai sayarwa a Nijeriya. Alal misali, lokacin da PayPal ya shigo ƙasar a 2014, biya kawai ya ba da dama, ban da karɓa.

Yawancin abin da ake sayarwa a gwanjo ƙananan ƙunsuna ne, ba kwantena ba, don haka ko dai su bi ta gidan waya na NIPOST, ko ta kamfanonin aika saƙo irin su DHL da FedEx da UPS. A gidan waya, Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Bern a 1874, ta tanadi takardun kwastan biyu. CN22 ƙaramar takarda ce da ake mannawa a kan ƙunshin da darajarsa ba ta wuce 300 ba a ma'aunin SDR na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato dala 400 ko kusa da haka. Abin da ya haura wannan sai CN23, tare da takardar ciniki. Tun 2021 ana aika bayanan da ke cikinsu ta kwamfuta kafin ƙunshin ya isa, ta yadda jami'in kwastan na can yakan yanke shawarar buɗewa ko bari tun kaya suna sama.

Nan ne rubutu yake da nauyi. A rubuta "kayan fata" ko "kayan gargajiya" bai wadatar ba. Abin da ake so shi ne: jakar hannu ta mata, fatar akuya jemammiya, guda uku, kowace dala kaza, an yi a Nijeriya. Sa'an nan a sa lambar kayan bisa tsarin HS na Ƙungiyar Hukumomin Kwastan ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina. Jakar hannu ta fata 4202.21 ce, goro 0802.70, riɗi 1207.40, takalma suna babi na 64, huluna babi na 65, saƙar kaba da ciyawa babi na 46. Da wannan lamba ake lissafa kuɗin fito. Daga watan Satumban 2025 gidajen waya na duniya sun wajabta sa ta a kan ƙunsunan ciniki.

Daraja kuwa, a gwanjo babu wurin ɓoye ta. Farashin da aka sallama yana rubuce a shafin, yana cikin rasit ɗin mai saye, yana kuma wurin kamfanin da ya karɓi kuɗi. Sau da yawa mai saye ne da kansa yake roƙon a rage adadin ko a rubuta kyauta ce, don ya tsira daga haraji. Wanda ya sa hannu a takardar shi ne mai sayarwa. Idan aka gano, ana iya tsare kayan ko a ƙwace. Idan kuma ƙunshin ya ɓace, diyya ba ta wuce abin da aka rubuta, sai mai jakar dala 300 ya karɓi kuɗin jakar dala 20.

Dalilin da ya sa irin wannan roƙo ya yawaita shi ne ƙasashen masu saye sun toshe rangwamen da suke yi wa ƙananan ƙunsuna. Ingila, daga 1 ga Janairun 2021, ta sa shafukan ciniki su karɓi harajin VAT tun wurin saye a kan kayan da ba su wuce fam 135 ba. Tarayyar Turai ta soke yafewar VAT da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba a ranar 1 ga Yulin 2021, ta kuma kafa tsarin IOSS na biyan harajin tun a wurin saye ga kayan da ba su wuce yuro 150 ba. Idan shafin gwanjo ya riga ya karɓi harajin, yakan ba mai sayarwa lambar IOSS. Wajibi ne lambar ta shiga bayanan jigila, in ba haka ba za a sake cajin mai saye a ƙofar gidansa, shi kuma ya huce a kan mai kaya. A watan Disamban 2025 ƙasashen Tarayyar suka amince a fara karɓar fito na yuro 3 a kan irin waɗannan ƙananan kaya daga 1 ga Yulin 2026. Amurka, wadda tun 2016 take barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba fito, ta dakatar da wannan ga dukkan ƙasashe a ranar 29 ga Agustan 2025. A ranar ce NIPOST ta fara neman dala 80 a kan kowane ƙunshin kaya mai zuwa Amurka. Ga mai sayar da hular dala 40, wannan ya cinye uwa da riba.

Saboda haka dole a bayyana tun a shafin gwanjo wanda zai biya fito. Ƙa'idojin Incoterms na Cibiyar Ciniki ta Duniya da ke Paris, waɗanda aka fara bugawa a 1936 aka kuma sabunta a 2020, sun ba kowane tsari suna. DAP na nufin mai sayarwa zai kai kaya har wurin mai saye, amma fito da haraji suna wuyan mai saye. DDP na nufin mai sayarwa ya ɗauki komai. Na biyun ya fi jawo masu tayi, amma sai wanda ya yi lissafi da kyau. Idan mai saye ya ƙi biyan fito, kamfanin jigila yakan tambayi mai aikowa ko a dawo da kaya ko a yi watsi da su, kuma kuɗin dawowa yana iya fin darajar kayan.

Lissafin jigila ma yana da nasa sirrin. Kamfanonin aika saƙo suna auna nauyi, suna kuma auna girma, su caji wanda ya fi yawa. Sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya zama kilo 12 ke nan, ko da malafuna da fayafayin da ke ciki ba su wuce kilo 3 ba. Wanda ya sa kuɗin aikawa a shafin gwanjo bisa abin da sikelinsa ya nuna, daga aljihunsa zai cika sauran. Lambar bin sawun ƙunshi kuma ita ce shaidar mai sayarwa. Idan mai saye ya ce kaya ba su iso ba, kuma babu lambar da ke nuna an miƙa, shafukan gwanjo sukan mayar masa da kuɗinsa.

Ta fuskar hanya, mai babban oda yana da tashar Onne da ta Fatakwal, kowace da ofishin Kwastan nata, kuma a nan sai da wakilin fito mai lasisi. Idan a akwatin katako za a zuba kaya, sai katakon ya kasance mai hatimin feshi ko gashi bisa ƙa'idar ISPM 15. Tashar kogi ta Anaca, wadda aka gina a zamanin Shugaba Shehu Shagari aka kuma sake buɗewa a 2012, ba ta kai ga ɗauke wa hanyar mota nauyi ba. Filin jirgin sama na Akanu Ibiam a Enugu ya fara karɓar jiragen Ethiopian Airlines a 2013, na Fatakwal da ke Omagwa ma yana da jiragen ƙetare. Duk da haka yawancin ƙananan ƙunsuna sai sun bi ta Legas kafin su tashi, kuma buɗe gada ta biyu a kan Kogin Neja a watan Mayun 2023 ya rage cunkoson da ake yi a bakin tsohuwar gadar 1965. Kwanakin wannan tafiya ta cikin gida, da na jiran banki da hukumomi, duk suna cikin wa'adin aikawa da mai sayarwa ya rubuta a shafin gwanjo, wanda kuma yake fara ƙirguwa daga ranar da mai saye ya biya.